Mece ce ma'anar "obscurity", kuma daga ina kalmar ta fito?

Wani ɗalibi ɗan Damagaram, wanda ya yi firamare da sakandare da Faransanci, yanzu kuma yake karatun kimiyyar halittu da Ingilishi, ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya ci karo da wannan jimla a littafinsu: "Mendel's work remained in obscurity until 1900." Shi dai a saninsa "obscurité" a Faransanci duhu ne, to ta yaya aikin mutum zai zauna cikin duhu? Yana so ya san ma'anar kalmar, da yadda ake amfani da ita, da kuma asalinta.

Ɗana, ba ka kauce hanya da nisa ba. Kalmar da ka sani da wadda ka gani a littafin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai dai kowacce ta tashi a wani gida, ta ɗauki halin gidan da ta tashi. Na daɗe ina koyar da Ingilishi, ina kuma aikin fassara, kuma wannan kalma tana cikin masu ba mai fassara wahala, domin babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauke ta gaba ɗaya. Amma akwai hoto ɗaya da idan ka riƙe shi za ta zo maka da sauƙi: abu yana nan, bai ɓace ba, bai lalace ba, wani abu ne ya shiga tsakaninka da shi ya lulluɓe shi.

Ka tuna safiyar hunturu idan hazo ya sauka. Ka fito ƙofar gida, masallacin da ke tsallaken titi, wanda ka san hasumiyarsa kamar yunwar cikinka, sai ka hango shi dishi-dishi, wani lokacin ma ka kasa hango shi sam. Masallacin bai gusa ko taku ɗaya ba. Ƙurar da iska ta kwaso daga Sahara ce ta tsaya tsakaninku. Bature zai ce "The minaret was obscured by the haze", wato hazo ya rufe hasumiyar. Duk sauran ma'anonin kalmar daga wannan hoton suka tsiro.

Mu koma kan jimlar da ta kawo ka. Gregor Mendel malamin coci ne a wani gidan ibada na birnin Brno, wanda yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka dubban tsirrai na wani irin waken Turai a lambun gidan, yana haɗa furen wannan da na wancan, yana ƙirga yadda tsawo da launi da siffar ƙwaya suke bin zuriya. Ya gabatar da abin da ya gano a gaban ƙungiyar masana halitta ta garin a 1865, aka buga shi a mujallarsu a 1866. Ba wanda ya ƙona takardar, ba wanda ya kulle ta a akwati. An aika da mujallar ɗakunan karatu a ƙasashe da dama, tana nan jere cikin sauran littattafai, duk mai so zai iya ɗauka. Abin da aka rasa shi ne wanda zai karanta ya gane nauyin abin da ke ciki. Mendel ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana tsirrai uku, Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak, suka buga nasu binciken a kan wannan fanni, sunan Mendel ya dawo fili. Shekara 34 ke nan aikin yana kwance ba a san darajarsa ba. Wannan kwanciyar ita marubucin littafinku ya kira "obscurity".

Ka lura ya ce aikin ne ya zauna haka, bai ce mutumin ba. Mendel sananne ne a garinsu, domin tun 1868 shi ne shugaban gidan ibadar. Duniyar masana ce ba ta san da aikinsa ba. Kullum idan ka ga kalmar nan ka tambayi kanka: mene ne aka lulluɓe, kuma ga wa?

Ma'anar da ka sani daga Faransanci, wato duhun da ido ba ya gani a cikinsa, ita ce ta fari a Ingilishi ma. A tsohuwar fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, akwai inda aka ce "the eyes of the blind shall see out of obscurity, and out of darkness", aka jera kalmomin biyu kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye. Amma a Ingilishin yau sunan "obscurity" ya kusa barin wannan aiki, sai dai a waƙa ko rubutun adabi. Bafaranshe har gobe yana cewa "dans l'obscurité" idan fitila ta mutu, har ma gidajen sinima yakan kira su "salles obscures", ɗakuna masu duhu. Baturen Ingila kuwa idan an ɗauke wuta "We sat in the dark" zai ce. Na taɓa duba wasiƙar wani ɗalibina wanda shi ma da Faransanci ya fara, yana kai kukan unguwarsu ta kwana uku babu lantarki, sai ya rubuta "We have been in obscurity for three days." Nahawunsa daidai ne, amma wanda zai karanta abin da zai fahimta shi ne sun kwana uku ba wanda ya san da zamansu a duniya. Wannan tarko ne da aka ɗana musamman ga irinku masu shigowa daga Faransanci, sai ka kiyaye. Haka nan ba a amfani da siffar "obscure" wajen launi. Shuɗi mai duhu "dark blue" ne.

Inda ma'anar ido ta tsira da ƙarfinta shi ne a aikatau, "to obscure", wato rufewa ko tarewa. Gajimare ya rufe wata, "Clouds obscured the moon". Babbar mota ta tare maka allon hanya, "A lorry obscured the road sign". Aikatau ne mai neman karɓau, dole ka faɗi abin da aka rufe. Daga nan yake tsallakawa zuwa maganar siyasa da jarida, inda za ka yawaita ganin "obscure the fact that", wato wata magana ta rufe gaskiyar da ya kamata a gani. Masu sana'o'i ma sun riƙe wannan ma'ana. Masu hasashen yanayi a filin jirgi suna cewa sama ta zama "obscured" idan hazo ko ƙura ta hana a gan ta daga ƙasa. Masana taurari suna kiran yawan fuskar rana da wata ya rufe lokacin husufi "obscuration", irin husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Gana da Najeriya da Nijar har Libiya. Gilashin tagar banɗaki, wanda haske ke shiga amma ba a ganin na ciki, a Ingila "obscure glass" ake ce masa. Likitoci kuma suna da "obscure bleeding", jinin da ke zuba a hanji, an tabbatar yana zuba, an zura na'urar leƙe ta sama da ta ƙasa amma ba a ga inda yake fitowa ba.

Ma'ana ta biyu ita ce wadda Hausa ta fi yi wa adalci. Idan malami ya yi bayani ba ka gane ba, me kake cewa? "Malam, nan wurin ya shige mini duhu." To shi ke nan. "An obscure passage" shi ne sashen rubutun da ya shige wa mai karatu duhu. "The meaning is obscure", ma'anar ba ta fito fili ba. "For some obscure reason", saboda wani dalili da ba a gane kansa ba, kuma sau da yawa mai faɗin haka yana nuna bai gamsu da dalilin ba. A wannan ma'ana sunan yakan ɗauki jam'i: "the obscurities of the text", wuraren da suka shige duhu a cikin rubutun. Abin yana burge ni yadda harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba suka yi tarayya a tunani guda, cewa fahimta haske ce, rashinta duhu. Mu muna cewa kai ya waye, muna cewa duhun kai, muna cewa a ƙara mini haske.

A nan ina da abin faɗa, domin shi ne ciwon da nake gani kullum a takardun ɗalibai. Tun zamanin da can ake kallon wannan irin duhu a matsayin aibin marubuci. Girkawa sun yi wa masanin falsafa Heraclitus, mutumin Afisa da ya rayu wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, laƙabi da "mai duhu" saboda maganganunsa a dunƙule suke, har yau da Ingilishi "Heraclitus the Obscure" ake ce masa. Mawaƙin Rum Horace ya koka da cewa "brevis esse laboro, obscurus fio", ina fafutukar taƙaitawa sai na koma ba a gane ni. Wannan aƙalla kuskure ne na mai kyakkyawar niyya. Wanda ya fi muni shi ne labarin da Quintilian, malamin balagar Rumawa, ya kawo na wani malami da yake umartar ɗalibansa da kalmar Girkanci "skotison", wato ku duhunta shi, don a ce suna da zurfi. Irin wannan malamin yana da jikoki a cikinmu. Yaro zai ɗauka dogon Turanci shi ne ilimi, ya cika takarda da kalmomin da shi kansa sai ya buɗe ƙamus, kai mai dubawa ka karanta sau uku ba ka kama bakin zaren ba. Malamanmu na balagar Larabci sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan, sun kira shi ta'aƙidi, sun lissafa shi cikin abubuwan da ke fitar da magana daga fasaha. Akwai ma wani karin magana na Latin da Turawa ke amfani da shi har yanzu, "obscurum per obscurius", bayyana abu mai duhu da abin da ya fi shi duhu. Idan wani ya rubuta a gefen takardarka "obscure", ba yabo ba ne, cewa yake ka sake, ban gane ba.

Sai dai a yi adalci. Ba duk abin da ya shige maka duhu ne laifin marubuci ba. Littafin lissafi na jami'a duhu ne ga ɗan aji uku, amma a wurin malaminsa sarai yake. Wani lokaci hazon yana cikin rubutun, wani lokaci yana idon mai karatu.

Ma'ana ta uku ita ce ta jimlarka, kuma ita ta fi yawa a jarida da littattafan tarihi: rashin suna, zama ba a san da mutum ba. "An obscure village", ƙauyen da ba a san shi ba. "An obscure poet", mawaƙin da sunansa bai zaga ba. Kalmar tana tafiya da wasu abokai waɗanda ya kamata ka haddace su tare, domin da su ake gane wanda ya iya harshen. Ana cewa "rise from obscurity" ga wanda ya taso daga ba kowa ba ya yi fice. Ana cewa "plucked from obscurity" ga wanda wani ya tsamo shi dare ɗaya ya ɗora shi a idon duniya. Ana cewa "fade into obscurity" ko "sink into obscurity" ga wanda tauraruwarsa ta dusashe har aka daina jin ɗuriyarsa. Ana cewa "die in obscurity" ga wanda ya rasu ba wanda ya damu da labarinsa. Akwai kuma "relative obscurity", wato an san shi kaɗan, amma ba kamar yadda ya cancanta ko kamar takwarorinsa ba. Marubucin Ingila Thomas Hardy ya sa wa littafinsa na 1895 suna "Jude the Obscure", labarin wani mai sassaƙar dutse, talaka, da ya ƙwallafa rai a kan shiga jami'a ƙofa ta ƙi buɗe masa. Duk wanda ya fassara sunan da "Jude mai duhu" ya ɓata shi. Jude ne wanda ba a san da zamansa ba.

Yanzu asali. Kalmar ta shigo Ingilishi daga Faransanci, shi ya sa ka gane fuskarta. Bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi, kamar yadda kalmomin Larabci suka shigo Hausa ta hanyar addini da shari'a da karatu. Siffar "obscure" ta bayyana a rubutun Ingilishi wajen shekarar 1400, sunan "obscurity" ya biyo baya cikin ƙarni na 15. Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, harshen Rumawa, inda ake cewa "obscurus" ga siffa, "obscuritas" ga suna. Ita ce dai ta zama "oscuro" a Italiyanci da Sifaniyanci.

Idan ka fasa "obscurus" za ka samu gaɓa biyu. Ta farko "ob", ma'anarta a gaban abu, ko a kansa, ko a kan hanyarsa. Ita ce a cikin "obstacle", abin da ya tsaya maka a gaba, da "obstruct", gina abu a kan hanya, da "object", abin da aka jefa a gabanka. Ta biyu "scurus", wadda yawancin ƙamusoshin asalin kalmomi suke mayar da ita ga wani tsohon saiwa mai ma'anar rufewa ko lulluɓewa, kodayake wasu masana Latin suna danganta ta da saiwar da ke nufin inuwa. Ko wanne ka ɗauka, hoton bai sauya ba: an ɗora wani abu a kan wani. Masu bin ra'ayi na farko suna cewa daga wannan saiwar kalmar "sky" ta fito. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne "sky" ta shigo Ingilishi daga harshen mutanen arewacin Turai, 'yan Viking, kuma a wurinsu ma'anarta gajimare, a Ingilishi ma da wannan ma'ana ta fara zama. Abin da ke rufe sama shi ya wayi gari ya zama sunan sama.

Kada ka ɗauka Turawan Ingila ne suka ƙirƙiro ma'anonin nan uku. Duka suna nan a Latin tun fiye da shekara 2,000. Barume yakan ce dare "obscura", yakan ce magana "obscura", yakan kuma ce wane "obscuro loco natus", an haife shi a gidan da ba a sani ba, ba ɗan kowa ba ne. Kishiyarta "clarus", mai haske, ita ma tana nufin bayyananne, tana kuma nufin shahararre, har 'yan majalisar dattawan Rum ana yi musu take da "clarissimus", mafi haske. Daga ita "clear" ta fito. Italiyawa suka haɗa kishiyoyin biyu suka samu "chiaroscuro", salon zanen da ake gwama haske mai ƙarfi da duhu mai ƙarfi, wanda Caravaggio da Rembrandt suka yi suna da shi. A Faransanci kun san shi da "clair-obscur".

Akwai wata jikar wannan kalma da ke aljihunka yanzu haka. Ina yaro, a ɗakin kakata akwai taga ta katako mai wani ɗan rami da bai fi ƙwayar gero biyu ba. Da rana tsaka idan aka rufe ƙofa muka kwanta, sai mu ga mutanen da ke wucewa a waje sun bayyana a jikin bango, ƙanana, kai a ƙasa ƙafa a sama, har jan zanen mai tallar nono muna gani yana tafiya. Mukan yi tsit muna kallo. Sai da na girma na san abin yana da suna da tarihi. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen 965 wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya bayyana shi a littafinsa Kitab al-Manazir. Ya jera fitilu a wajen wani wuri mai duhu mai ƙaramar kafa, kowace fitila ta jefa ɗigon haskenta a bangon da ke fuskantar kafar, idan ya rufe fitila ɗaya ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna haske a miƙe yake tafiya. Masanin taurari Johannes Kepler ya kira irin wannan ɗaki "camera obscura" a 1604, wato ɗaki mai duhu da Latin. Daga baya aka mayar da ɗakin akwati, aka sa masa gilashi, aka yar da rabin sunan, "camera" ta rage. Ita muke kira kyamara.

Wata jikar kuma tana da ɗaci. A farkon ƙarni na 16 rikici ya tashi a Jamus a kan ko a ƙwace littattafan Yahudawa a lalata su. Masani Johann Reuchlin ya ce a bar su, wasu malaman coci na birnin Kolon suka taso masa. A 1514 ya buga wasiƙun goyon baya da manyan masana suka aiko masa, da sunan wasiƙun "clarorum virorum", fitattun mutane. Shekara guda bayan haka magoya bayansa suka fitar da wasiƙun zambo, kamar abokan gabarsa ne suka rubuta su da gurɓataccen Latin, suka sa musu suna wasiƙun "obscurorum virorum". Sunan yana da kaifi biyu, mutanen da ba a san su ba, kuma mutanen duhu. Ana danganta kalmar "obscurantism" da wannan tarihi, wadda kun fi jin ta a Faransanci da "obscurantisme". Ma'anarta ta wuce jahilci. Jahili bai sani ba ne kawai. "Obscurantist" shi ne wanda yake tare wa mutane hanyar sani da gangan.

Masu tsaron kwamfuta ma sun ari kalmar, suna cewa "security through obscurity", kuma da sigar zargi suke faɗa. Shi ne ka kulle ɗaki ka tura makullin ƙarƙashin turmi, kana dogaro da cewa ɓarawo bai san wurin ba. Tun 1883 Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsarin rubutun sirri ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san yadda aka gina shi, muddin mabuɗin bai shiga hannunsa ba.

Kalmar tana da maƙwabta da ake rikita ta da su, kuma Hausa tana taimakawa wajen raba su. Magana idan ta zama "ambiguous" harshen damo gare ta, ma'ana biyu ce kowacce a fili, ba ka san wadda ake nufi ba. Idan "vague" ce, mai maganar ne bai tsayar da ita ba, ya bar ta tana yawo, asalin kalmar ma a Latin yawo take nufi. "Cryptic" an ɓoye ma'anar da gangan kamar zaurance. "Obfuscate" kuwa ita ce rufa-rufa da ƙumbiya-ƙumbiya, ita ma da "ob" ta fara. A ɓangaren suna, "anonymity" shi ne a ga aikin ba a san mai shi ba, sau da yawa shi ya zaɓi ya sakaya sunansa. "Oblivion" ta fi "obscurity" nisa, domin ita mantuwa ce ɗungurungum, an shafe mutum kamar ba a taɓa yin sa ba. Da aikin Mendel "oblivion" ya faɗa, da ba mu same shi ba. Sannan ina roƙonka ka kiyaye da "obscene" da "obscenity". Sun yi kama a ido, amma waɗannan batsa suke nufi, ba su da alaƙa da abin da muke magana a kai. Na ga ɗalibai da dama sun musanya su a jarrabawa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka sani game da ma'ana ta uku, domin mutane suna ɗauka zagi ce. A kanta ba zagi ba ce. Ba ta ce mutum ba shi da daraja ba, ta ce idanu ba sa kansa. A zamanin nan da kowa ke neman mabiya a intanet ana jin ta kamar hukunci, amma mu muna da wata fahimta a gida. Duk wanda ya zauna zauren malami aka karanta Hikam na Ibn Aɗa'illah, malamin Iskandariyya da ya rasu a Alƙahira a 1309, ya ji inda yake cewa ka binne samuwarka a ƙasar "khumul", domin abin da ya tsiro ba tare da an binne shi ba amfaninsa ba ya cika. Masu fassara littafin zuwa Ingilishi da "obscurity" suke fassara "khumul", kuma sun dace. Irin da manomi ya binne bai ɓace ba, ƙasa ce ta rufe shi zuwa lokacinsa. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Allah yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye. Saboda haka idan ka karanta "He chose to live in obscurity", kada ka ji tausayin mutumin kai tsaye. Mai yiwuwa ya zaɓi ya kauce wa idon jama'a ne don ya samu natsuwa. Larabci ma ya raba abin da Ingilishi ya haɗa: "zulma" ga duhun ido, "gumud" ga duhun ma'ana, "khumul" ga rashin suna. Wanda ya san waɗannan uku ya riga ya san inda zai sa kowace "obscurity" da ya gani.

Wajen furuci, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, kusan "ab-SKYUWA" ga siffa da aikatau, "ab-SKYU-riti" ga suna. Wasalin farko ba cikakken "o" ba ne kamar yadda za ka furta a Faransanci, wani ɗan gajeren sauti ne maras ƙarfi tsakanin "a" da "e". Masana furuci suna kiran wannan sauti "schwa", tsofaffin littattafai kuma suna ce masa "the obscure vowel". Idan za ka kwatanta abu biyu, "more obscure" da "most obscure" sun fi yawa a bakin mutane. Kalma ce ta rubutu da magana mai nauyi, amma matasa ma suna cewa "an obscure band" ga mawaƙan da ba kowa ya san su ba.

Jimlarka kuwa, da ni aka ba fassararta, ba zan sa duhu a ciki ba ko kaɗan. Zan rubuta: "Aikin Mendel ya zauna ba a san da shi ba har zuwa 1900." Idan ina so in fito da cewa takardar tana nan a ɗakunan karatu, gane ta ne ba a yi ba, sai in ce: "Ba a farga da darajar aikin Mendel ba sai a 1900."